Wai da gaske ana aurar da gyaɗa ga 'yar'uwarta ta daji?

Ɗan Gwarzo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare a majalisa wani ƙanin abokina mai karatun aikin gona yake cewa wai gyaɗa tana da dangi a daji, kuma masana na ɗauko su suna haɗa su aure da wadda muke nomawa don ta daina kwasar cuta. Ni dai tun tasowata ban taɓa cin karo da gyaɗar daji ba, in ban da gyauron da ke tsirowa a inda aka cire ta bara. Yaron nan iya yi yake mana ko akwai ƙamshin gaskiya?

Na Maigatari: Ko gujiya yake nufi?

Malamar Gona: Wa alaikumus salam. Malam, yaron bai yi maka ƙarya ba, sai dai dajin da yake nufi ba namu ba ne. Gyaɗa baƙuwa ce a Afirka, Turawan Fotugal ne suka kawo ta daga Kudancin Amurka. Danginta na daji kusan kala 80 ne, kuma dukkansu a can suke: Burazil, Bolibiya, Faraguwai, Ajantina da Yurugwai. Ko ka karaɗe dajin Falgore ba za ka samu ko tushe ɗaya ba. Gujiya kuwa 'yar gida ce, amma ta fi kusa da wake, zuba 'ya'ya a ƙasa ne kawai ya haɗa ta da gyaɗa.

Na taɓa riƙe ta dajin a hannuna. Da ka gani sai ka raina ta. Yaɗo take yi a ƙasa, tsinken da ke fita daga furen ya yi tafiya mai nisa kafin ya ajiye ɗan kwanso, a ciki ƙwaya ɗaya tak, ba ta fi ƙwayar wake ƙarami ba. Kana tuge tushen tsinken zai tsinke ya bar 'ya'yan a ƙasa, sai ka bi da rariya kana tankaɗe ƙasar. Amma ganyenta kore shar, a lokacin da tamu ta gefenta duk ta yi ɗige-ɗige baƙi tana zubar da ganye.

Maman Walida: To Malama me za a yi da mai ƙwaya ɗaya? Mu da muke neman wadda za mu murza ta ba mu mai.

Malamar Gona: Hajiya, koren ganyen nan ake bi, ba ƙwayar ba.

Baba Mai Huɗa: Jikana ne ke rubuta mini. 'Yata, na ji bayaninki. Ni na ga shekarar 1975 da idona. Mun shuka gyaɗa ta fito kyakkyawa, muka yi noman firi, kafin maimai sai darɓa ta sauka. Ganye ya ƙanƙance ya yi rawaya, tushen ya dunƙule wuri ɗaya kamar an daɓe shi. Kuturta ke nan. Ka tuge tushe goma ba ka cika tafin hannu ba. Mahaifina ya zauna a bakin gona ya cire hula ya ɗora a gwiwa, bai ce komai ba har la'asar. Daga shekarar nan da yawa a garinmu suka koma gero da wake, dalar gyaɗa kuwa sai a hoto. To wannan ta dajin da kuke faɗa, ita ce ta kawo maganin kuturtar?

Ɗan Gwarzo: Ai Baba da alama ita ce. Shi ya sa sabon irin gyaɗar nan SAMNUT 24 ba ta yin kuturta.

Malamar Gona: A'a Malam, a nan kam ka yi sauri. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Annobar 1975 ta cinye kusan hekta dubu 700 a arewacin Najeriya. Amma juriyar kuturta da ke cikin irin da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar ba daga daji ta zo ba. Kuturtar gyaɗa cutar Afirka ce, babu ita a Kudancin Amurka. An samo masu jure mata ne cikin gyaɗar gargajiya ta manoman iyakar Burkina Faso da Kodebuwa a shekarun 1950. Matsalarsu jinkirin nuna, suna son damina mai tsawo, shi ya sa aka ɗauki shekaru ana ƙoƙarin sa juriyar cikin masu saurin nuna, har aka kai ga irinsu SAMNUT 24 da ta fito a 2011. Inda ta daji ta yi rawar gani shi ne cutar ɗigon ganye, da tsatsar ganye, da tsutsar da ke kumbura saiwa.

Baba Mai Huɗa: Madalla. Ashe maganin na maƙwabta ne.

Sai Da Hujja: Ni fa duk wannan zaƙin bakin bai shige ni ba. Jiya an kawo mana wake SAMPEA 20-T, an kawo masarar TELA, yau kuma gyaɗa za a sa wa jinin ciyawar Bolibiya. GMO ce aka canza wa riga. A bar mana 'yar Dakar ɗinmu da mai bargo, su muka gada.

Bamaraɗe: Ɗan'uwa, ita 'yar Dakar ɗin daga ina sunanta ya zo? Masu bincike ne suka fitar da ita a Senegal, lambarta 55-437. Mu nan Maraɗi ita ce ta cika gonaki. Kakanka ma sabon iri ya karɓa a zamaninsa, kuma ita kuturta tana kama ta sosai.

Sai Da Hujja: Wannan gyaɗa ce da gyaɗa. Ni maganar haɗa ta da abin da ba ita ba nake yi.

Malamar Gona: Tambayar tana kan hanya, bari in ɗan tsawaita, a yi mini haƙuri. A waken da ka ambata, an ɗauko ƙwayar gado ce daga wata ƙwayar bakteriya aka dasa a ɗakin gwaji. Wannan shi ake kira GMO, kuma muhawararsa daban. Abin da muke magana a kai barbara ce, garin fure zuwa fure, da hannu.

Ga yadda muke yi. Da yamma, wajen bayan la'asar, sai ka nemi tohon furen da zai buɗe gobe. Ka durƙusa da ɗan hantsaki, ka buɗe shi a hankali, ka tsince 'yan kawunan da ke ɗauke da garin namiji ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka taɓa zaren macen ba. Ka ɗaura zare mai launi a wurin don ka gane shi. Da sassafe kafin rana ta yi zafi ka tsinko furen wanda kake so ya zama uba, ka matso garinsa ka shafa a kan zaren. Bayan kamar mako guda, in an dace, tsinke zai fito ya nufi ƙasa. Da yawa ba sa kamawa. Bayanka zai gaya maka ka yi aiki.

Sannan abin da zai ba ka mamaki, ita kanta gyaɗar da ka gada 'yar irin wannan auren ce. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zarurruka da ke ɗauke da gado, ana ce musu kuromosom. Yawancin na daji guda 20 gare su, tamu 40. Dalili shi ne, kimanin shekara dubu 9 zuwa dubu 10 da suka wuce, a yankin kudancin Bolibiya da arewacin Ajantina, wasu na daji biyu, Arachis duranensis da Arachis ipaensis, suka yi barbara, sannan zarurrukan ɗan da suka haifa suka ninka kansu, 20 ta koma 40. Duk gyaɗar duniya, ta Dawanau da ta Indiya da ta Sin, daga wannan haɗuwar ta fito. Tun daga nan kuma ta rabu da danginta, tunda lissafinsu ya daina daidaituwa. Ga shi kuma furenta kansa yake yi wa barbara. Shekara dubbai ana auren gida, tuwona maina. Launin ɓawo da girman ƙwaya sun bambanta, amma in ka duba DNA, wato rubutun gadon da ke cikin zarurrukan nan, sai ka ga kusan abu ɗaya ne. Cutar da ta san lagon ɗaya ta san na saura.

Ɗan Gwarzo: To in lissafin bai daidaita ba, ta yaya auren ke ɗauruwa?

Na Maigatari: Wannan ai labarin alfadari ne.

Malamar Gona: Ka gama magana. Doki na da 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, ga ƙarfi ga juriya amma ba haihuwa. In ka haɗa gyaɗarmu mai 40 da ta daji mai 20, kowa ya ba da rabi, ɗan zai zo da 30. Zai yi ganye ya yi fure, 'ya'ya kuwa da ƙyar. Dabara biyu ake yi. Ta farko, a jiƙa tohon mai 30 ɗin da wani magani, kolcisin, wanda ke sa zarurrukan su ninku su koma 60, sai ya fara haihuwa, a yi ta shuka zuriyarsa har adadin ya sauko 40. Ta biyu ita ta fi tsafta: a fara haɗa na daji biyu, ɗaya daga ɓangaren duranensis ɗaya daga ɓangaren ipaensis, a ninka ɗansu ya zama 40, kamar yadda ya faru tun farko. Wannan kai tsaye yake karɓar gyaɗarmu.

A nan ne binciken dangantaka ke da amfani. Na dajin nan an kasa su gida tara. Waɗanda ke gida ɗaya da gyaɗarmu su ne auren ke yiwuwa da su cikin sauƙi, na nesa kuwa ko garin ya kama, ɗan tayin bushewa yake yi a cikin kwanso. Da can sai an gwada, a duba zarurrukan a madubin ƙara girma, a ƙirga garin furen da ke da rai. Yanzu DNA ake karantawa. A 2016 aka kammala karanta na iyayen nan biyu, aka tarar na ipaensis ya yi daidai da rabin gyaɗarmu da kashi 99.96 cikin ɗari. Ita kuwa ipaensis a wuri ɗaya tak aka taɓa samun ta a daji, a kudancin Bolibiya.

Sai Da Hujja: Kin ga! Da bakinki kin ce ana jiƙa shi da magani. Guba ke nan a cikin ƙuli-ƙulin yaranmu.

Malamar Gona: Kolcisin guba ne in an sha da yawa, ban musa ba, duk da likitoci na ba da ɗan kaɗan ga masu wani ciwon gaɓɓai. Daga tsiro ake samo shi. Amma sau ɗaya ake taɓa kakan kakan irin da shi, a tukunya. Kafin iri ya iso hannunka an yi zuriya goma ko fiye. Ba abu ne da ake gada ba.

Ustaz Na Zaure: Ban san kimiyyar ba, amma barbarar shuka ba baƙon abu ba ne a addini. Mutanen Madina suna yi wa dabino, kuma hadisin yana cikin Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce musu su ne mafi sanin lamarin duniyarsu. Abin da ya rage a tabbatar ba cutarwa. Wallahu a'alam.

Sai Da Hujja: Allah ya gafarta Malam, dabino da dabino suke haɗawa. Amma na ji. Tambayata ta gaske ita ce: in na saya bana, baɗi zan iya ɗibar iri a rumbuna, ko sai na koma wurin kamfani kamar masarar nan ta aure?

Malamar Gona: Za ka iya. Tunda gyaɗa kanta take yi wa barbara, in iri ya zauna to ya zauna, abin da ka shuka shi za ka cira. Sai dai ka kiyaye cakuɗuwa a masussuka da buhu.

Maman Walida: Ni dai Malama tsorona ɗaya. Shekara biyu da suka wuce maigida ya sayo wani iri a wani shago, an ce masa ingantacce ne ɗan bincike. Da aka cira kala uku muka gani a buhu ɗaya, ja da fara da wata ƙanƙanuwa. Na soya tiya biyu na kai inji, na zauna ina murzawa da ruwan zafi har hannuna ya yi tsami, man da ya fito bai kai na wadda nake saye a kasuwa ba. Tunkuzar ma ta ƙi haɗuwa, ƙuli-ƙulin yana fashewa a kasko. To in an ƙara da jinin mai ƙwaya ɗaya ai sai abin da hali ya yi.

Bamaraɗe: Hajiya wannan hatsin kasuwa aka zuba miki a leda mai hoto. Mu ma ana yi mana.

Malamar Gona: Gaskiyar Bamaraɗe, wannan ha'inci ne. Amma tsoronki yana da tushe. 'Ya'yan farko na irin wannan aure munana ne: yaɗo, ƙananan ƙwaya, kwanso mai tsinkewa. Alherin yana zuwa ne da tarkacensa. Shi ya sa ake mayar da ɗan ga gyaɗar gida, a sake mayar da jikan, sau uku, huɗu, biyar. Kowane zagaye gadon daji na raguwa da kusan rabi. Ana zaɓen wanda ya riƙe juriyar ya zubar da sauran. Yanzu da gwajin DNA, ɗan guntun ganye ake yanka tun shukar na ƙarama a ga ko tana ɗauke da yankin da ake so, ba sai an jira kaka ba.

Kuma game da mai, wasu na dajin yawan man da ke ƙwayarsu bai gaza na tamu ba, ƙanƙanta ce kawai. Abin da ya fi ba ni sha'awa aikin da aka yi a cibiyar CERAAS da ke Ciyes a Senegal. Sun ɗauki irinsu Fleur 11 suka haɗa da wadda aka ƙera daga iyayen nan biyu, suka fitar da layuka da yawa, kowane ɗauke da guntu ɗaya na gadon daji. Sai ga wasu guntayen suna ƙara girman ƙwaya. Daga mai ƙwaya kamar wake! Har sun fitar wa manomansu sababbin iri daga ciki.

Ɗan Gwarzo: Ikon Allah. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Baba Mai Huɗa: 'Yata, ki koma kan maganar ganyen nan. Mu harawa ba wasa ba ce. Wata shekarar kuɗin harawa ne ke biyan 'yan ƙwadago. In ganye ya zube kafin cira, kara kawai kake ɗaurewa, tumaki su shinshina su bar maka.

Malamar Gona: Baba ka taɓo inda ni ma nake ganin ribar take a wurinmu. Akwai wata ta daji, Arachis cardenasii, da aka tsinto a Bolibiya a 1959. A Amurka aka fara haɗa ta da gyaɗa, zuriyar ta bi hannu zuwa cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT a Indiya, daga nan ta bazu. A Indiya an samu GPBD 4 mai jure ɗigon ganye da tsatsa. A jihar Tekzas an fitar da COAN a 1999 mai jure tsutsar saiwa. Ka lissafa, shekara 40 daga tsinto ta. Wani bincike na 2021 ya bi sawun gadonta a DNA ya same shi cikin irin gyaɗa a ƙasashe 30, wasu masu irin ma ba su san yana ciki ba. Manomin Amurka feshi yake yi sau da yawa a damina ɗaya saboda ɗigon ganye. Namu wa ke da kuɗin wannan? In juriyar na cikin ƙwayar, ka samu ƙwaya ka samu harawa mai ganye.

Sai Da Hujja: Shekara 40. Mu da muke neman abin da za mu shuka watan gobe.

Malamar Gona: Yanzu ya ragu sosai, amma ba zan ce maka aikin damina biyu ba ne.

Na Maigatari: To ni ku dawo da ni gida. Riɗi nake nomawa. Karkashi ga shi nan a bakin gona yana fitowa da kansa, furensa sak na riɗi, kwansonsa ma haka, ba ruwansa da fari ba ruwansa da ƙwari. Ga riɗin barewa, ga yauɗo. Me ya hana a aurar da su? Ai waɗannan ba sai an je Bolibiya ba.

Maman Walida: A samu riɗin da za a yi miya da ganyensa a matse mai da 'ya'yansa, kai da an huta.

Bamaraɗe: Hajiya ki yi hattara da fata. Wani masanin Rasha, Karpecenko, a shekarun 1920 ya haɗa kabeji da radish, wani tsiro da ake cin saiwarsa, yana so ya samu ganyen kabeji a sama, saiwar radish a ƙasa. Auren ya ɗauru har ya haihu. Sai ya fito da ganyen radish da saiwar kabeji.

Maman Walida: Innalillahi, an yi ba a yi ba.

Malamar Gona: Na Maigatari, a riɗi lamarin juyawa ya yi, yawancin danginsa na daji a Afirka suke. An gwada, kuma kamar fuska ta yaudari mutane da yawa. Riɗi na da zarurruka 26. Karkashin da ake kira Sesamum radiatum na da 64, yauɗo 32. Tazarar ta yi yawa, galibi kwanson kan fara ya bushe, ko ya ba da 'ya'ya holoƙo. Riɗin barewa 26 gare shi kamar riɗi, kuma ana kwaɗayinsa don yana jure cutar nan da ke mayar da furen riɗi ganye, amma shi ma ba ya kamawa da sauƙi, sai an ciro ɗan tayin tun yana ɗanye an raine shi a kwalba. Wanda ke karɓar riɗi ba gardama wani na daji ne a Indiya, malabaricum, kuma wannan na cikin hujjojin masu cewa a can aka fara noman riɗi, duk da tarin danginsa a nan.

Na Maigatari: Wato maƙwabcin da muke kwana tare bare ne, ɗan'uwan yana Indiya.

Sai Da Hujja: To ga wata. In gobe aka gano dabarar, wani ya zo ya kwashi karkashinmu ya fitar da iri ya sa masa suna, mu me za mu samu? Su mutanen Bolibiya me suka samu?

Malamar Gona: Wannan ba ni da amsar da za ta gamsar da kai. Tun bayan yarjejeniyar 1992 kan halittu, kowace ƙasa ke da iko da tsirranta, kuma fitar da na daji daga Kudancin Amurka ya yi wuya ƙwarai. Akwai wata yarjejeniyar ta musayar iri tsakanin ƙasashe, amma gyaɗa ba ta cikin jerin amfanin gonar da ta ƙunsa. Masu bincike na kukan an rufe ƙofa, ƙasashen kuma na cewa an daɗe ana kwasa kyauta. A gefe guda ana share dazukan can ana shuka waken suya da ciyawar shanu, kuma ta daji ba ta iya gudu, tunda a ƙasa take binne 'ya'yanta, a shekara da ƙyar ta matsa taku ɗaya ko biyu.

Sai Da Hujja: Yauwa. Yau dai kin ce ban sani ba.

Shugaban Zaure: Jama'a a ci gaba cikin mutunci. Sai Da Hujja, a sassauta.

Sai Da Hujja: Wasa nake, ranka ya daɗe. Malama ta san ina ƙaruwa. Amma ba zan zuba a gonata duka ba sai na gani. Kunya biyar zan ware a gefen 'yar Dakar.

Baba Mai Huɗa: Haka ake yi ɗana. Kuma ka shuka da ruwan farko, ka matse tsakanin tushe, darɓa ta fi son gona mai sarari. Ka tuge gyauro tun rani.

Na Maigatari: Ni kuma sai na gwada karkashin nan da hannuna, ko da zai ba ni holoƙo. Malama, furen riɗi ma da yamma ake buɗe shi?

Malamar Gona: Da yamma, kuma ya fi na gyaɗa sauƙi. Ka kama bututun furen da bai buɗe ba ka zare shi a hankali, kawunan namijin a jikinsa suke, tare za su fito su bar maka macen. Ka rufe da 'yar takarda saboda zuma, da safe ka shafa garin karkashin. Ka yi kamar hamsin, ka ɗaura wa kowane zare.

Na Maigatari: Hantsakin fa, na cire ƙaya zai yi?

Malamar Gona: Zai yi, ka goge bakinsa da sifirit tukuna. In kwanso ya fito ka turo mana hotonsa kafin ka fasa.